Ja ko Koriya

Mai Gilashi, da sayar da tagogin manyan gine-gine ya yi arziki, amma ransa na kan motocin tsere, irin waɗanda kamfani ke ƙera 'yan ƙalilan ya daina. Wurin mota ɗaya ya rage a garejinsa lokacin da dillali ya kira ya ce guda biyu sun shigo hannu.

Bai daɗe da yin aikin gwiwa ba, don haka autarsa, likitar haƙori, ita ta kai shi. Ba ta cika leƙo gida ba, a hanya ma ba su yi wata hira ba.

Motar farko ja ce, ta lafe da ƙasa kamar mai rub da ciki, ƙofofinta sama suke buɗewa. Mai ita bai taɓa hawa titi da ita ba, har ledar kujera tana nan.

"Wannan ajiya ce, yallaɓai," in ji dillali. "Ka lulluɓe ta, kullum daraja take ƙarawa. Kana hawa kana rage mata."

Ta biyun koriya ce, ta girme ta nesa ba kusa ba. Ta yi tsere a zamaninta, tsakuwa ta bar mata tabo a goshi kamar na ƙyanda, fatar sitiyarin ta sha hannu har ta yi baƙi.

Mai Gilashi ya zura jiki cikin jar lafiya lau. Da ya zo fita, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Sai da auta da dillali suka kama shi ta hammata suka zaro shi.

"Baba, wannan ai sai da ungozoma," in ji ta.

Bai yi dariya ba. Ya gyara rigarsa ya nufi koriyar. Shiga ba wuya, sai dai giyar hannu gare ta, kulocin kuwa kamar dutse, ga shi ƙafar hagun ce aka yi wa aiki. Ya taka, ya sake takawa, gumi ya keto masa. Ya janye ƙafar, hannu a kan sitiyari.

"Koma wancan gefen, Baba."

Ta ja motar suka fita bayan gari. Injin yana gurnani a bayan kunnensa, ita kuwa tana sauya giya ba ko gargada.

"Wa ya koya miki?"

"Hannunka na riƙa kallo, lokacin da kake kai mu makaranta."

Koriyar ya saya. Jar wani ya ɗauka, aka sa ta a kwantena ko tayar da ita ba a yi ba.

Gwiwar ba ta koma yadda take ba, bai taɓa tuƙa motar da kansa ba. Auta kan zo ranar hutunta su zaga, wani makon kuma aiki ya riƙe ta. In ba ta zo ba, yakan sa kujera a bakin gareji ya buɗe jarida, ya hana kowa taɓa makullin.