Binciken Asalin Ɗan Filifin

Duk unguwar nan an san Gwaggo Habsa ake aikawa binciken asali in an zo neman aure. Manemi in ɗan Bilma ne, sai ta tafi wajen masu gishiri ta zauna kamar mai ciniki, kafin la'asar ta san kakansa da ciwon da ya kashe shi. In ɗan Iferwan ne, masu kawo albasa sun ishe ta. To sai ga Rahma, 'yar ƙanenta, bazawara mai ɗinki, ta rasa wanda za ta so duk faɗin Agadas sai Abdul'aziz, mutumin Filifin ɗin nan mai gyaran firigo, wato firiji, a bakin kasuwa.

Musulmi ne, ana ganinsa a sahu. Amma Saidou, uban Rahma, ya ce ba ya ba da 'ya ga wanda ba a san gidansu ba. In Habsa ba ta kawo magana kafin azumi ba, a bar zancen.

Ta bi tasha, ta bi alhazai, ba wanda ya taɓa jin garin su Abdul'aziz. Sunan ma sarƙe mata yake yi a harshe. Dole ta kira mutumin da kansa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ashe ta taɓo masa inda yake so. Ya zo da salula cike da hotuna, ya durƙusa, ya fara da Hausarsa mai ɗingishi.

"Inna, garinmu ƙarami ne, bakin tabki. Da can unguwa ce ta wani babban gari, daga baya aka ba mu namu magajin gari. Muna noman shinkafa da kwakwa."

"Madalla. Ubanka fa?"

"Ya rasu. Wannan gadarmu ce. Wannan sabuwar kasuwa, ruwa ya cinye tsohuwar, gari duka ya koma kan tudu."

"Ɗana, ba gadar za a ɗaura wa aure ba."

Ya yi dariya, ya nuna mata kifi. Shayi ya huce, ta san yawan masallatansu da watan da iska ke kwashe rufi, amma ba ta san ko akwai mahaukaci ko mai saki a danginsa ba. Ya dawo washegari da tarihin wanda ya fara kafa bukka, wai a kwalekwale ya zo. Habsa ta kwana tana tsaki.

"Gwaggo, ai kin ji komai," in ji Rahma.

"Na ji garin da ba mai faɗa, ba mai gulma, kowa waliyyi. Ke kin taɓa ganin irinsa? Ni abin da mutum ke ɓoyewa ake aikena nema."

Da azumi ya matso, ta aika masa da safe. "Garin naku ba tsofaffi? Kira min ɗaya in ga idonta."

Ya yi ta kame-kame, wai yayar uwarsa ce kawai ke gida, kuma tana da zafi. Habsa ta gyara zama. Ya kira.

Wata 'yar tsohuwa ta fito a salular, kallabi a karkace. Ko sallamarsa ba ta gama amsawa ba ta rufe shi da faɗa, tana nuna shi da silifa. Habsa ba ta jin kalma ɗaya, amma ta san wannan muryar, irin tata ce.

"Me ta ce?"

"Gaisuwa take yi."

"Da takalmi? Faɗa min, ko in tashi."

Ya sunkuyar da kai. "Ta ce na rame. Ta ce zan yi aure ban gaya mata ba, taurin kaina na kakana ne."

"Wane kakan?"

"Lokacin da gari ya koma tudu, shi kaɗai ya ƙi tashi. Ruwa ya zo, ya hau rufi da akuyarsa, yana zagin masu kwalekwalen da suka zo ɗaukarsa. Har yau gidanmu Gidan Mai Akuya ake ce masa."

"Kai kuwa kana da wannan, ka cika min kunne da kwakwa?"

Ta karɓe salular, ita da tsohuwar suka yi ta gyaɗa wa juna kai, Abdul'aziz na tafinta yana gumi. Kafin batir ya mutu ta san wa ya saki wa, da ƙanen uwarsa da ba ya ga maciji da liman.

Da la'asar ta iske Saidou a zaure. "Suna da gida, har da sunan tsiya. Ba ɓarawo, ba mahaukaci, sai taurin kai tun daga kaka."

Saidou ya dubi ɗakin da keken ɗinkin Rahma ke kuka. "To ai sun dace. A sa rana."

Habsa ta ja mayafi tana mita. Wai saura matar magajin garinsu, tsohuwar ta fara ba ta labarin batir ya katse, kuma sakaran bai zo da abin caji ba.