Leɓen Gizlan

Ni mai walda ne, ba likita ba, amma abu ɗaya na sani game da ciwon zuciya: idan leɓe ya yi shuɗi, a ruga asibiti. Haka na matata Rakiya ya yi ranar da ta rasu, tana zaune tana tsince wake tana ce mini ba komai. Da likita a birninmu Kasabalanka ya ce 'yarmu Gizlan ta gado zuciyar uwarta, gargaɗinsa bai da yawa. Kar ta sha zafi, kar ta wahalar da kanta, in kuma na ga leɓenta ko farcenta ya sauya launi, kar in tsaya neman takalmi.

To yarinyar da aka ce kar ta sha zafi, ita ce ta tsiro da maganar bikin kiɗan da ake yi a kudu, gaba da garin Zagora, a fili cikin rairayin hamada. Na ce a'a. Ta daina yi mini magana, har kuskus ɗin Juma'a ta ƙi ci. Shekararta ashirin, ba ta taɓa zuwa ko'ina ba sai makaranta da asibiti. Ƙarshe na rufe shago na ce mu tafi, amma tare, kuma ni zan duba kayan da za ta sa.

Ranar bikin ta fito daga ɗakinta a masauki da matsattsen wando da wata riga mai ƙyalli, ta leda, kamar buhun taki.

"Ina za ki da wannan?"

"Baba, shi ake yayi."

"Yayin dafa mutum da ransa? Koma ki cire."

"Kai da ka sa safa da takalmin fata a hamada, kai za ka koya mini ado?"

"Ƙafata ce zan gasa, ba zuciyarki ba."

Muka dangana da kasuwa tana tura baki. A can ta ga irin mayafin da matan Sahara ke naɗawa tun daga kai har idon sawu, malhafa, auduga zalla, mai duhun shuɗi yana ƙyalli kamar wuyan tattabara. Mai sayarwar ta naɗa mata. Na murza shi da yatsu na ji ba nauyi, iska na ratsawa. Hannuna dama baƙi ƙirin yake da aikin ƙarfe, ban ga komai a kansa ba. Gizlan ta juya gaban madubi ta yi dariya, ni kuwa na kau da kai, don ta yi kama da uwarta ainun. Matar ta fara wani dogon bayani a kan mayafin, na ce mun ji, mun gode, na ja 'yata muka fita.

La'asar ta yi amma rairayi na ƙuna kamar ƙarfen da na gama yi wa walda. Jama'a maƙil. Ganguna na dukan ƙirji, ga 'yan ƙarafan nan da makaɗa ke kaɗawa kamar ana sheƙa ruwa a kwano. Ina biye da ita da gorar ruwa a kowane hannu. Na tsaya in zazzage yashi daga takalmi, na ɗago, babu Gizlan.

Na kutsa ina kiran sunanta, ni kaina ba na jin muryata. Duk inda na duba mata ne da mayafi iri ɗaya. Na kama hannun wata, ta juyo ta zage ni har kakana. Gumi ya cika mini ido. Can gaba, daf da manyan lasifika, na hango da'irar mata suna tafi, wata na rawa a tsakiya, ta cije gefen mayafinta da haƙora don kar ya zame. Ta saki ta juyo.

Leɓenta shuɗi ne. Haɓarta ma haka. Tana haki. Na fizgo hannunta, farcenta duk sun rine.

Ban san lokacin da gorunan suka faɗi ba. Na saɓe ta a kafaɗa na juya da gudu.

"Baba! Mene ne haka? Sauke ni!"

"Yi shiru, ja numfashi!"

"Lafiyata ƙalau! Wallahi ba komai!"

Da na ji "ba komai" sai na ƙara sauri. Muryar uwarta ce sak. Na ci gaba ina ture mutane da gwiwar hannu, ina ihu a ba ni hanya. Takalmi ɗaya ya maƙale a yashi na bar shi. Wani saurayi ya tare ni, a zatonsa sace yarinya nake yi, na ce masa 'yata ce kuma mutuwa take yi, sai ya shiga gabana yana buɗa hanya. Ina gudu ina ce wa Allah, wancan karon Ka ɗauka ina kallo, wannan karon Ka bar mini.

A tantin masu jinya na dire ta kan gado. Wata ƙatuwar mata da farar riga, na ji ana kiranta Mbarka, ta taso.

"Zuciya ce," na ce. "Dubi leɓenta. Haka uwarta ta tafi."

Ba ta yi mini gardama ba. Ta ɗora abin saurare a ƙirjin Gizlan, ta maƙala mata wani abu a yatsa, ta yi shiru tana saurare. Ni ina tsaye ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya safa. Sai ta jiƙa auduga ta goge leɓen. Audugar ta koma shuɗiya. Leɓen ya fito ja.

"Alhaji, dubi kafaɗarka."

Na duba. Farar jallabiyata ta rine tun daga wuya har ƙirji.

"Sabon mayafi ne, shuni ne ke zuba in ya haɗu da gumi. Mu nan so muke ya zuba, yana tare rana, fata ta yi laushi. Mai sayarwa ba ta faɗa muku ba?"

"Ta so ta faɗa," in ji Gizlan, tana hararata. "Wani ya ce mun ji, mun gode."

Suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na zauna a ƙasa. Mbarka ta ce zuciyar na bugawa daidai, ta dai sha ruwa ta huta a inuwa kafin ta koma. A nan wani sabon tsoro ya kama ni.

"Cire shi," na ce. "Ki sa ko da buhun takin nan ne. In na gasken ya zo a ƙarƙashin wannan shunin, ta yaya zan gane?"

Gizlan ta daina dariya. Ta riƙe mayafin gam da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa. "Baba, yau ne kawai ba wanda ya kalle ni kamar mara lafiya."

Na juya na kalli Mbarka.

"Buɗe baki," in ji Mbarka. Gizlan ta buɗe. "Ka ga harshe? Mayafi ba ya kaiwa can in ta daina cizonsa. In yana ja, bar ta ta yi rawarta. In ya sauya, kawo ta, ko a kafaɗa ne."

Da rana ta yi sanyi muka koma. Ban sami takalmin ba. Na tsaya a bakin da'irar, idona a kanta. Duk waƙar da ta ƙare, Gizlan sai ta juyo ta zaro mini harshe. Wata tsohuwa kusa da ni ta riƙe haɓa ta ce yaran yanzu ba su da kunya, ubanta take yi wa gwalo a bainar jama'a. Na ce mata ta matsa, tana tare mini gani.