Launi, Ɗanɗano, Wari

Guga na uku ne ya fito da kwaɗi biyu, ciki sama, ƙafafu a sandare. Jaratu ta juye su a ƙasa, ta leƙa rijiyar. Gansakukar da ta sani kore shar tun zuwanta unguwar Briketeri tana amarya ta koma kamar toka.

Taku goma daga nan, ɗanta Haman yana ɗauraye gangunan da ya sayo daga gonakin koko, waɗanda aka ƙarar da maganin feshin cikinsu. Jar ƙasar tana shanye ruwan wankin nan take.

"Haman, abin nan naka rijiya yake gangarawa."

"Haba Inna, ƙasa ai tana tacewa."

"Kwaɗin fa?"

"Kwanansu ne ya ƙare."

Ta dubi jikarta Bintu, wadda aka yaye ranar Juma'a, tana shan kunun da aka dama da ruwan rijiyar.

* * *

Bayan Azahar ta sa aka kira limamin unguwa, Malam Mohaman Bello. Ya ɗaga ƙwarya ya duba, ya sunsuna, ya kurɓa.

"Launi bai sauya ba, ɗanɗano da wari ma haka. Ruwa ne mai tsarki."

"Allah gafarta Malam, duk mai rai a cikinsa ya mutu."

"Kwaɗo dabbar ruwa ce, mushensa ba ya ɓata ruwa. A yi alwala, a sha."

Ba ta da karatun da za ta ja da shi. Ta koma ɗebo wa Bintu bokiti ɗaya kullum daga famfon unguwar Madagaskar, tana jan gwiwa. Tuwo da miya da wanka kuwa, na rijiya ne.

* * *

Mako na uku Bintu ta tashi da dalalar yawu, jiki na karkarwa. Haman da matarsa suka yi asibiti da ita. A ranar kuma famfon ya ɗauke, matan maƙwabta suka shigo da bokitai.

"Inna, ruwanku ya fi na kowa," in ji Fanta mai ƙosai. "Garau, ko tsutsa ɗaya babu."

Jaratu ta naɗe igiyar guga ta zauna a kai.

"Kada ku ɗiba."

"Rowar ruwa, Inna, da girmanki? Malam da kansa ya sha."

Fanta ta yi dariya, ta gyara goyonta, ta zura nata gugan.