Birkin Gaba

A bakin rumfar bakanike suka ƙulla maganar, Dogo da ƙanwar matarsa, ungozoma.

"Ke ki karanta min littafin nan nasu na dokokin hanya har ya zauna a kaina. Ni kuma in koya miki hawa."

"Yaya, kai da lambar gidanka ma sai an karanta maka?"

"Ke da keke ya taɓa jefa ki a kwata? A dai yi."

Shekara ashirin da bakwai Dogo yana kan babur, bai taɓa riƙe lasisi ba. Magani yake rarraba wa wani babban kanti, daga sito zuwa ƙananan shaguna. Sai mai kantin ya ce daga ƙarshen wata, wanda ba shi da lasisi ya ajiye makulli, kuma ranar gwaji guda ce ta rage kafin watan ya ƙare. Ita kuwa asibitinsu ne ya ba ta babur na zagayen masu ciki a bayan gari, ga shi a jingine ƙarƙashin bene, ba ta iya ko tayar da shi ba.

Kullum da yamma suna filin bayan makaranta. Dogo ba ya iya zama. Tana karatu yana zagaye babur, ya goge madubi, ya shuri taya, ya duba agogo, ya sake goge madubin. Amma amsa tana fitowa. Tazara tsakaninka da motar gaba, waiwaye kafin a sauya hannu, ɗaure igiyar hular kwano, duk jikinsa ya sani tun kafin a buga littafin.

Wuri ɗaya suka saɓa.

"An ce tsayawar gaggawa da birki biyu ake yi, na hannu da na ƙafa. Na gaba ma ya fi tsayarwa. A matsa shi a hankali, sannan a ƙara."

"Wanda ya rubuta wannan a kan kujera ya rubuta. Birkin gaba kifar da mutum yake. Na ga wanda ya taɓa shi, haƙoransa huɗu muka tsinta a kwalta."

"To don me aka saka shi?"

"Don rataya leda."

Ba wasa yake ba. Tun ranar da aka ba shi babur ɗin kanti ya sa bakanike ya sassauta wayar birkin gaban, yadda ko an damƙa ba ya kamawa. Haka duk abokan aikinsa suke yi. Ungozoma ba ta ƙara musu ba. Sai dai in ya juya baya yana amsa waya, ta kan matsa na babur ɗinta da yatsu biyu, ta ji yadda gaban yake duƙawa, ta saki.

Ranar gwaji Dogo ya riga mai gadi zuwa. Tambayoyin baki ya cinye su tas. Da aka fito fili, jami'in gwaji ya kama birkin hannun babur ɗinsa, ya matsa har ya taɓa mariƙi.

"Baba, wannan ba zai shiga fili ba."

Ƙanwar matarsa, wadda ta riga ta gama nata, ta miƙo makulli.

"Ari nawa, Yaya. Amma nawa yana da rai."

Ya bi tsakanin robobin da aka jera a filin kamar ruwa, har masu jira suka daina hira. Saura tsayawar gaggawa: a taho da gudu, jami'i ya ɗaga hannu, a tsaya kafin farin layi. Ya taka na ƙafa da ƙarfi. Tayar baya ta ja ƙasa, ta yi gefe, ya wuce layin da tsawon babur guda.

Jami'in ya dubi furfurarsa. "Sau ɗaya zan ƙara maka. Hannu da ƙafa."

Ya koma, yana buɗe yatsu yana rufewa. Ya taho. Hannu ya ɗagu. Yatsun da ba su taɓa sanin abin ba suka damƙe shi gaba ɗaya, tayar gaba ta ƙulle, sai ga Dogo a ƙasa, babur a kan ƙafarsa, taku uku kafin layin.

Ungozoma ta tsuguna tana duba gwiwarsa.

"Ba na faɗa miki ba?" in ji shi. "Ba na faɗa miki kifarwa yake ba?"

"Damƙa ka yi, Yaya. Ni matsawa na yi. Miƙe ƙafar."

Aka ce ya dawo bayan wata guda. Mai kanti bai jira ba.

Ungozoma ta sami lasisi, ta sami hawa irin na gwanaye, don Dogo bai ɓoye mata komai ba. Bakanike ma ya samu, don a makon nan mutum shida cikin abokan aikin Dogo suka kawo masa wayar birkin da ya sassauta ya ɗaure musu. Dogo ya rasa aiki da fatar gwiwa.