Wayoyin da ke Kunna Kansu

Kwalbar ta fashe a tagar Zainu ina tsugune bakin kwata ina wasa wuƙa. Kafin in miƙe, wasu samari biyu sun ɗare keke napep sun yi hanyar kasuwar Mile One. Ɗaya ya leƙo ya nuna tagar, sannan ya ja ɗan yatsa a maƙogwaronsa.

Na faɗa ɗakin ko sallama babu. Zainulabidin na zaune inda ya saba, gilashi ya zubo masa har kafaɗa, shi kuwa sai hure ɓarɓashin yake daga kan kwamfuta.

"Baba Mijinyawa, ina kwana?"

"Ina kwanan me? Tashi ka haɗa kayanka!"

Ubansa, marigayi Alhaji Auta dillalin shanu, shi ya kawo ni Fatakwal ya sama mini teburin nama. A gidan hayar nan aka haifi Zainu, ɗakina na kallon nasu. Yaro mai sanyin hali, amma in ya kafe a kan abu ko ubansa haƙura yake yi. Da ya gama karatun kwamfuta sai ya sami aiki da wani kamfani na Legas, daga ɗaki yake yi. Aikinsa gwada manhajar waya kafin a sake ta ga jama'a. Shi ya sa ya jera tsofaffin wayoyi a kan kanta, kowace da kebul ɗinta zuwa wani ƙaramin baƙin akwati mai koriyar fitila da ya maƙale a bayan durowa. Abokan aikinsa na can garuruwansu suna ba wayoyin umarni, sai ka ga sun kunna kansu suna ta danne-danne ba hannun kowa.

Wannan ne ya jawo masifar. Makon da ya wuce 'yan sanda suka kwashe yara biyu daga cikin 'yan daban layinmu, mutanen wani gajere da suke kira Tallest. Mama Ibinabo mai gasa ayaba a ƙofar gida ta ja ni gefe ta ce magana na yawo: akwai "aboki", wato Bahaushe, a gidan nan da wayoyinsa ke sauraron kowa, shi ya ba da yaran ga 'yan sanda. Na yi dariya a lokacin. Yanzu ga gilashi a ƙasa.

"Usaini direba zai juya Arewa da tirelar shanu bayan la'asar," na ce. "Za ka bi shi, ko da ɗaure ka zan yi."

"Zan bi shi, Baba. Amma sai na gama wannan."

"Wannan ɗin ya fi wuyanka?"

Ya juyo mini da kwamfutar, wai sai na gane. Baƙin allo ne da fararen rubutu.

"Wannan shi ake kira shell. Hira ce tsakanin mutum da na'urar da ke nesa. Mansura abokiyar aikina tana Kaduna, ta rubuta umarni a nata, waya a nan ta aikata ta mayar da amsa. To hanyoyin shiga wayoyin nan daban-daban ne, wata ta intanet, wata ta kebul, kuma kowace da nata rubutun. In layi ya yanke, sai su zauna jiran amsa har abada, gwajin kowa ya sanƙare."

"To ina ruwana?"

"Tsaya mana. Shi ne na rubuta uwa guda, class muke cewa. Duk abin da ya zama dole ga kowa na zuba a jikinta: yadda ake buɗe hira, yadda ake jira, yadda ake sallama. Hanyoyin nan suka zama 'ya'yanta, sun gaji halinta, kowace ta ƙara abin da ya shafe ta kawai. Mansura ta ce in bar uwar sakayau, kowace 'ya ta koyi nata jiran. Na ce a'a, wadda za a ƙaro gobe mantawa za ta yi. Mun kusa wata muna wannan faɗan."

"Sauran me?"

"Ta kebul. Ita ce mai taurin kai, ta ƙi bin na uwar."

"Ashe ka ga ɗan'uwanka."

Ya yi murmushi, ni kuwa raina a ɓace yake.

"Baba, gobe ake sakin manhajar. In na zare wayoyin nan yanzu, aikin kowa ya tsaya, kuma ni suka amince wa. In na gama, duk wanda ya zare su, uwar za ta tambaya ko kana nan, ta jira, ta sake tambaya. In ta ji shiru sai ta rufe, ta gaya wa su Mansura. Fitilar can za ta riƙa ƙiftawa, daga nan ta mutu. Ka ga hanyar tafiyata nake ginawa."

Na zage shi, na zagi kwamfutar, na fita. A kasuwa ranar ko naman kirki ban yanka ba. Wata mata ta ce in ba ta haƙarƙari na miƙa mata hanta. Na je mayanka na sami Usaini, ya ce gaban mota akwai wuri amma ba zai jira kowa ba. Da aka idar da azahar na bar wuƙaƙena a tebur na nufo gida, ana yayyafi, baƙin hayaƙin garin nan na sauka a rigata.

Na tarar da jakarsa a bakin ƙofa, ya sa takalmi.

"Na gama, Baba! Ta bi. Na tura wa Mansura, na ce ta gwada yanzu."

Wallahi na ji daɗi har na kai hannu zan dungure masa kai. Sai muka ji Mama Ibinabo ta ƙwalla ƙara a waje, tukunyar gawayinta ta kife.

'Yan daban sun cika barandar, masu adda da masu gora, wani da sarƙar babur. Tallest na gaba, idonsa jawur, yana warin giya da rana tsaka. Na tare ƙofa na fara ba da haƙuri da guntun Turancin kasuwata. Gora ta sauka a gwiwata, na durƙusa, suka tsallake ni.

Zainu ya ɗaga hannuwa. Da yawansu tare da shi suka yi ƙwallo a layin nan.

"Bros, na test I dey run. Nothing dey inside. Check am." Yana gaya musu gwaji ne kawai, su duba da kansu.

Tallest ya ɗauki waya ɗaya daga kanta, kebul na jikinta. A mace take. Ya juya ta, ya danna, ya girgiza. Na ga kafaɗarsa ta fara sauka, har wani daga baya ya ce su tafi kawai. Na fara hamdala a zuciyata.

A daidai nan Mansura ta fara gwajinta daga Kaduna.

Wayoyin suka kama haske gaba ɗaya. Manhajar tana da wurin da take ɗaukar hoton mai rajista, ta hannun Tallest ta buɗe kyamara. Ya ga fuskarsa a ciki, an zagaye ta da layi. Wayar ta yi ƙas.

Ban taɓa jin ihu irin wanda ya yi ba. Ya buga wa Zainu wayar a baki, haƙori ya faɗo kan tabarma. Sauran suka afka wa kantar da gora, suna tattake wayoyin, suna tsinke kebul. Wani ya raba kwamfutar biyu a gwiwarsa. Zainu na cewa su tsaya ya nuna musu, jini na bin haɓarsa, suka ja shi ta ƙafa zuwa waje, kansa na bugun dakali.

Na rarrafa na bi su. Na kama ƙafar mai sarƙa na gantsara masa cizo, wani ya sare ni a dantse. Ni da na yi shekaru ina sara nama, ranar na ji yadda ƙarfe yake shiga. A bakin kwatar da na wasa wuƙa da safe suka kwantar da shi. Ya kare kansa da hannu, addar farko ta ɗauke yatsu biyu. Ta biyu a kafaɗa. Na daina gani sosai bayan nan, sai ƙarar saran da muryar Mama Ibinabo tana kiran sunansa, ita da ta goya shi yana jariri. Duk layin an rufe ƙofofi. Ina jin haushin ƙofofin nan har gobe.

Da suka watse, ni da ita muka ɗora shi a keke napep. Kansa na kan cinyata, ruwan sama na shigowa ta gefe yana wanke masa fuska.

"Baba, sanyi nake ji."

"Yi salati, Zainu. Mun kusa."

Ya yi, a hankali. Ba mu kai gadar sama ba hannunsa ya saki rigata.

A asibiti suka ɗinke mini dantse, suka ce gawa sai 'yan sanda sun sa hannu. Manyan unguwa suka tsaya a kan maganar, suka ce in je in rufe ɗakin kafin a kwashe abin da ya rage. Na iso rana ta yi sanyi. Usaini ya daɗe da tafiya. Jakar na nan bakin ƙofa, an tattake ta. Na zauna a gefen katifa cikin fasassun wayoyi, na kasa taɓa komai.

Wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Muryar mace ce, da fara'arta.

"Salamu alaikum, Baba Mijinyawa ne? Mansura ce, abokiyar aikin Zainu. Ya taɓa ba ni lambarka saboda irin haka. Ina ta kiransa ba ta shiga. Don Allah ka ce masa ya yi nasara, na sallama. Ɗazu ana cikin gwaji ya zare wayoyin duka, ko? Ko ɗaya ba ta sanƙare ba, har ta kebul ɗin. Ta jira, ta rufe, ta ce can ɓangaren ba ya amsawa. Ga shi ma na sake kunnawa yanzu don in nuna wa oga."

Sai na ga haske a bango. Akwatin bayan durowa ba su gan shi ba, yana nan a kan batirinsa. Koriyar fitilar ta ƙifta.

"Baba? Kana nan?"

Fitilar ta ɗan dakata, ta sake ƙiftawa.

"Baba, kana jina? Ba ni shi mana."

Na riƙe wayar a kunne ina kallon bangon. Fitilar ta ƙara ƙiftawa, ta jira iya jiran da ya koya mata, sannan ta mutu.