Ranar da Silifar Soso Ta Zo Ta Ɗaya

Tun da ruwan tafki ya fara canza ɗanɗano, kowa a unguwar ya zama masanin gangare. Ka tambayi mai shayi ina ruwan wanke-wankensa yake bi, sai ya nuna maka yamma. Ka tambayi mai kiwon kaji, shi ma yamma. In da za a bi ta bakin mutane, babu ɗigon da ya taɓa gangarawa gabas inda tafkin yake, wato ruwan da suke sha da dattinsa ya faɗo daga sama.

Wanda ya fi kowa rantsuwa shi ne mai wankin mota na mararraba, wanda yara da manya ke kira Soso. Rumfarsa ba wata abar a zo a gani ba ce, 'yan kwanukan rufi ne a kan sanduna, da durom, da tiyo mai faci, da bencin da ya sha zama har ya yi sheƙi. Amma wurin ne abin so, domin duk motar da za ta shiga gari ko ta fita sai ta gifta ta gabansa. A nan ya yi samartaka, a nan ya yi furfura. Mutumin kirki ne, sai dai yana da ciwo guda: ba ya iya ganin an wuce shi. Ko hanya kuka jero da shi, za ka ga yana ƙara sauri ba gaira ba dalili.

Innarsa ta sha gaya masa cewa shayinta na ɗanɗanon sabulu. Ita ba ta jiran famfon da sai ya ga dama yake kawo ruwa, tana da dutsenta a bakin tafki inda take ɗora bokiti kowace safiya. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, “Inna, kofin ne ba a ɗaurayewa da kyau.”

Da ciwon ciki ya yawaita a asibitin unguwa, sai aka kafa kwamiti, aka ɗora ƙanwar Soso, wadda nas ce, a kan shugabanci. Suna taruwa a ajin firamare, manyan mutane da tumbinsu a matse cikin bencin yara. Hedimasta ya zana taswirar unguwa a allo, kowace kwata da kibiyar da ke nuna inda ruwanta yake bi. Taswirar ba ta taɓa kwana lafiya ba. Mutum zai tashi kamar zai yi bayani, ya jingina da allo, ya goge kibiyar ƙofar gidansa da gwiwar hannu.

Ranar da Nas ta gaji, ta ajiye alli ta ce, “Ni na daina musu da ku. Akwai gidan da babu silifa mai ƙafa ɗaya?”

Babu. Kowane gida na da marainiyar silifa a bayan ƙofa, ana jiran 'yar'uwarta ta dawo.

“To kowa ya kawo tasa, mu gan ta mu shaida. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, kowa ya saki tasa a kwatar ƙofarsa. Za mu ɗaura raga a inda rafi yake shiga tafki. Gidan da silifarsa ta isa raga zai haƙa ramin da zai shanye ruwansa. Mai sana'ar da ke zubar da mai ko sabulu kuwa, in tasa ta isa, zai koma filin da ke ƙasa da tafki.”

Filin nan ko akuya ba ta bi ta cikinsa sai in ta ɓata hanya. Duk da haka aka ce a ɗaga hannu, kuma hannun Soso ya fi na kowa tsawo, don ya ga Sifana ya riga shi ɗagawa. Sifana bakanike ne, garejinsa na kallon rumfar Soso, kuma tun suna yara suke ja-in-ja a kan komai, har a kan wanda ya fi wani atishawa mai ƙara.

Washegari da babu kowa, Soso ya ɗebi bokiti guda ya juye a kwata ya tsaya yana kallo. Ruwan ya yi ɗan jim kamar mai shawara, sannan ya miƙe gabas abinsa. Soso ya bi shi da kallo. Ya dubi rumfarsa, ya dubi motocin da ke wucewa, ya ji tsoro na gaske. Sai ya ɗauko silifarsa, wata koriya ƙatuwa wadda duk unguwa ta sani, ya nemo notin ƙarfe mai nauyi ya ɗaure mata a ƙasa da waya. In ta nutse ko ta maƙale, ai ba laifinsa ba ne.

Ruwan ya zo wata ranar kasuwa bayan azahar, irin mai cika kwata kafin a gama kwashe shanya. Da ya ɗan tsagaita, mutane suka fito ƙofar gidajensu, kowa da silifa a hannu, fuska a murtuke kamar masu jiran hukunci. To a nan ne Hedimasta ya yi kuskure. Maimakon ya ɗaga hannu kamar yadda aka shirya, sai ya ciro usur ɗin wasannin makaranta ya busa.

Usur ne ya lalata komai. Silifofi suka faɗa ruwa, ja da shuɗiya da mai fure, suka haɗu a babbar kwata suna gogayya, sai wani ya ce, “Ga ta mai shayi a gaba.” Shi ke nan. Mutanen da suka yi wata da watanni suna rantsuwa cewa ruwansu ba ya zuwa tafki suka kwasa a guje gefen kwata, kowa na yi wa tasa kirari ta yi sauri. Mai aski ya naɗe kwali ya mai da shi lasifika yana ba da labari. Wata tsohuwa ta tattare zani tana bin tata tana cewa, “Kar ki ba ni kunya, 'yar nan.” Mai kiwon kaji, wanda tasa ta bi yamma da gaske, wato an wanke shi tas, ya tsaya a mararraba ransa a ɓace yana neman a sake.

Silifar Soso ta tafi da ƙyar tana jan ciki, ta isa bakin kwalbatin da ke gaban kanti, ta maƙale. Soso ya sauke ajiyar zuciya. Rumfarsa ta tsira. Abin da ya rage masa kawai ya tsaya nan ya yi fuskar tausayi har a gama.

Sai ga baƙar silifar Sifana ta zo ta goge ta ta wuce, ga mai ita a baya yana haki.

“Allah sarki, tsufa,” in ji Sifana. “Ka kawo ta gareji gobe in duba maka ita, kyauta.”

Aka fashe da dariya. Mai aski ya sa baki a kwalinsa ya sanar wa duniya cewa koriyar Soso ta yi faci a kwalbati. Soso ya kau da kai. Ya ce wa kansa ya yi haƙuri, ya tuna rumfa, ya tuna filin da akuya ba ta bi. Silifar tela ta wuce. Ta mai shayi ta sake kunno kai daga inda ta maƙale, ita ma ta wuce. Da ta wata jaririya ta zo ta wuce, 'yar mitsitsiya mai hoton agwagwa, sai haƙuri ya ƙare.

Ya faɗa kwata har gwiwa, ya warware wayar, ya yi jifa da notin. Notin ya faɗi daidai ƙafar Nas. Ta dubi notin, ta dubi yayanta.

“Yaya, ka san abin da kake yi kuwa?”

“Matsa mini, ana wuce ni.”

A faɗi gaskiya, bai jefa ta gaba ba. Inda ta maƙale nan ya sake ta, don shi a tsere ba ya ha'inci. Koriyar nan da ta ji an sauke mata kaya sai ta tashi. Faɗinta ya sa ruwa ya ɗauke ta da kyau, ta shige kwalbati ta fito ta ɗaya gefen, ta wuce ta jaririya, ta wuce ta tela, ta bi bayan makaranta inda kwata take zama rafi. Soso na biye da ita, hula ta faɗi bai waiwaya ba, yana tsallake kududdufai yana daka wa mutane kafaɗa yana ba su haƙuri a guje. Rabonsa da irin wannan daɗi tun yana ɗan makaranta. Dariya yake yi har numfashinsa na sarƙewa.

A kwanar ƙarshe saura ita da baƙar Sifana. Masu su na gudu kafaɗa da kafaɗa, tsofaffi biyu jiƙe sharkaf, kowa na riƙe rigar ɗan'uwansa. Baƙar ta bugi wani reshe ta juya, koriyar ta zille ta gefenta ta tafi ta faɗa raga.

Unguwa ta ɗauki sowa. Aka ɗaga Soso sama, shi kuma yana ɗaga hannu yana gaida jama'a. Sifana, wanda tasa ta zo ta biyu, wato shi ma gareji ya tashi, yana zaune a laka yana dariya yana cewa reshe ne ya cuce shi.

Daga can saman kafaɗun mutane Soso ya hango Inna. Kwamiti ya sa dattawa su zauna a bakin raga su zama shaidu, ita kuma ta zauna a kan dutsenta da laima. Koriyar silifar na nan daidai ƙasan ƙafarta, daidai inda take tsoma bokiti. Bayan silifar, farin kumfa ne ya taru a jikin raga yana ta ƙaruwa, kuma ko daga inda yake yana jin ƙamshin lemon nan na sabulun da shi kaɗai ke saye a unguwar.

Ya ce a sauke shi. Aka sauke shi.

Inna ta sa sanda ta janyo silifar ta miƙa masa. “Ta ɗaya ka zo?”

“Ta ɗaya, Inna.”

“Madalla.” Ta kwance ɗan kofin da take ɗaurewa a hannun bokitinta, ta kore kumfan gefe da bayan hannu kamar yadda, ashe, take yi kowace safiya, ta ɗebo ta miƙa masa. “Ungo. Na ɗauraye shi da kyau.”

Ya kai bakinsa. Bai iya haɗiyewa ba. Kunya ta kama shi, da wani baƙin ciki da bai taɓa ji ba, domin shekara da shekaru abin da yake aiko wa uwarsa ke nan da safe, yana kuma yi mata dariya. Ya tsaya da kofi a hannu, mutane na ta tsamo takalmansu suna musun wa ya zo na uku.

Nas ta iso, ta zura masa notinsa a aljihu. Ta ce a hankali, “Kwamiti zai gyara hanyar filin, Yaya. Ga ka ga bakanike a wuri ɗaya, motoci za su zo.”

Bai sani ba ko za su zo. Ya mayar wa Inna kofinta, ya ɗauki bokitin nata ya rataya a hannu, ya ce daga gobe shi zai riƙa kawo mata ruwa har tafkin ya washe. Sannan ya je ya miƙa wa Sifana hannu ya tashe shi daga laka.

“Ara mini guduma da abin cire ƙusa. Yau zan sauke kwanon nan.”

“Yau? Ni sai jibi zan fara kwashe nawa.”

“Ka ga na riga ka ke nan,” in ji Soso. Ya kama hanyar mararraba, bokitin Inna a hannu ɗaya, koriyar silifa a ɗaya.