Madubi a Ƙarƙashin Bas

Ranar da su Auta suka dawo daga yaƙi, ni kaɗai na je tashar jirgin ƙasa tarbarsa. Ba ganga, ba tuta, ko sannu da zuwa babu mai yi musu. Mai sayar da jarida ya kalli kakinsa, ya tofar da yawu gefe. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Auta ya riƙe mini hannu ya ce, "Yaya, ƙyale shi, mu je gida."

Ni abin da ke ƙona mini rai, wai ƙanena ne ya ƙirƙiro yaƙin? Waɗanda suka tura su suna can ofis suna shan sanyi, shi kuwa in ya wuce layinmu sai ka ji ana jan taga. An bar jaki ana dukan taiki. Ya nemi aiki har takalminsa ya cinye, da an ji inda ya fito sai a ce an riga an ɗauki wani.

Ni shara nake yi a makarantar firamare. Da idon direban bas ɗin yara ya raunana, na tsaya a ƙofar hedimasta ina magiya, na ce ai a can ma tuƙi Auta ya yi, tankar ruwa yake ja. Ya daɗe yana juya biro, sannan ya ce, "Gwaji ne fa, kin ji ko?"

Wallahi ban taɓa ganin Auta da fara'a irin ta wannan makon ba. Ya wanke bas har tayoyi, ya haddace sunayen yaran, ya koma cin abinci kamar mutum.

Sai dai kowace safiya, kafin ya tayar da mota, yakan ɗaure ƙaramin madubi a sandar tsintsiyata, ya durƙusa ya zura shi ƙarƙashin bas, ya bi ta daga gaba har baya. A can haka aka koya musu, don ana liƙa musu bam a ƙasan mota. Safiyar da abokinsa ya yi gaggawa bai duba ba, ko gawar kirki ba a samu ba.

Wata uwa ta kawo ɗanta da wuri, ta gan shi a durƙushe. Kafin a tashi tara labari ya zama wai sojan nan yana dasa wani abu a motar yara. Kai, bakin mutane!

Aka tara iyaye a ɗakin malamai, ni ina bakin ƙofa da bokiti. Wani mai kantin magani cikin iyayen ya miƙe ya ce, "Mun ga abin da kuka yi a talabijin. Ba za mu ba mai taɓin hankali 'ya'yanmu ba." Auta bai ɗaga kai ba, hularsa kawai yake murzawa.

Hedimasta mutumin kirki ne, ba zan ci zalinsa ba. Ya ce, "Malam direba, tuƙinka ba shi da aibu. Nan ba fagen yaƙi ba ne. Ka bar dube-duben nan kawai, aikinka na nan."

Na yi ta yi wa Auta ido, a raina ina cewa, ka ce to mana, ɗan uwata, ka ce to!

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na san ba kome a ƙasan. Na sani. Amma in ɗauki 'ya'yan mutane ban duba ba, hannuna ba zai iya murza makulli ba."

Ya ajiye makullin kusa da kwalin alli, ya ce a yi haƙuri, ya fita.

Washegari da na zo aiki, na hango shi tsallaken titi, ya jingina da sandar lantarki. Maigadi ya hana shi shiga. Sabon direba ya zo yana hamma, ya faɗa kujera. Na ga Auta ya runtse ido, ya dafe kunnuwansa biyu. Injin ya tashi, bas ta fito ta sha kwana ta tafi.

Sai a lokacin ya sauke hannu, gumi sharkaf a goshinsa. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ta tashi lafiya."

Na ajiye bokitin a nan bakin titi na fashe da kuka.